Sawun Baro a Layin 'Yan Citta

Warin man dizal ne ya fara tarbar mutane ranar Talata da safe a layin 'yan citta na kasuwar Head Bridge, a Anacha. Kafin Joanna ta sauka daga okada, jama'a sun cika ƙofar sitonta. An ɓalle kwaɗo. Buhunan da ke gaba an farke su da wuƙa, citta ta zube ƙasa, an kwarara mata mai har ta yi baƙi. Na baya ma, da ke jibge har kusa da rufi, duk sun jiƙe. Buhu sittin ne na busasshiyar cittar Kachia, wadda matan ƙauyensu suka noma, suka tsaga, suka shanya, suka ba ta amanar sayarwa.

Joanna ba ta yi kuka ba. Shekararta goma sha tara a wannan kasuwa, tun mijinta na da rai, kuma ba wanda ya taɓa ganin hawayenta. Ta tsaya tana kallon kayan, muƙamuƙinta na motsi.

Kowa ya san jiya aka yi ɓarnar. Ranar Litinin ake zaman gida na dole a duk yankin, kasuwa ba kowa, mai gadin layin ma ba ya fitowa.

Edith ce ta hango jarkar. Tsohuwar 'yar layin ce, citta take sayarwa a da, kafin ta koma sana'ar kirefish, wato busasshen jatan lande da take sarowa daga Fatakwal. Ta sa tsinin lemarta ta jawo jarkar daga bayan ƙofa. A jikinta an rubuta A. MUNTAKA da jan fenti.

"Ga ramukan sandarsa ma nan a ƙasa," in ji wani daga cikin jama'a.

Alhaji Muntaka mai manyan motoci ne, shi ke ɗauko wa yawancin 'yan layin kaya daga Arewa, kuma da sanda yake tafiya tun da ya yi hatsari. Mako biyu da suka wuce sun yi cacar baki da Joanna a kan wani lodi da ruwa ya taɓa a hanya, har ta kira shi macuci a gaban mutane.

"Ku kira min 'yan sanda," Joanna ta ce a hankali. "Yadda ya ruɓar min da kaya, haka zai ruɓe a hannunsu."

Kafin azahar an tafi da Muntaka, 'yan sanda kuma sun sa nasu kwaɗon a siton. Kasuwa ta rabu biyu ba tare da wani ya ce a rabu ba. Direbobi da 'yan kasuwar Kano da Gusau suka taru a gindin masallaci, mutanen Kudancin Kaduna suka taru a rumfar mai shayi. Shekara da shekaru suna cin kasuwa ɗaya, suna magana da harshe ɗaya a garin da ba nasu ba, amma ranar babu wanda ya ƙetara ya gai da wani.

*

Alhaji Baffa, shugaban ƙungiyar 'yan citta, ya taka da kansa zuwa layin doya, inda Baba Kure ke gadi. Kure tsoho ne siriri, Kirista daga duwatsun Kudancin Kaduna. Shekara talatin ya yi yana bin sawun shanu da awakin da aka sace, Fulani su kira shi, manoma su kira shi, kafin rikici ya cinye ƙauyensu ya gangaro Kudu.

Bayan sun gaisa, sun tambayi iyali da gajiya, Baffa ya ce, "Baba, in ba a gano gaskiyar nan ba kafin Juma'a, ban san abin da zai faru bayan an sauko daga masallaci ba. Kai ne kowane ɓangare zai yarda da maganarka."

"Ranka ya daɗe, ni sawun shanu na sani."

"Ai ɓarawo ma a ƙasa yake tafiya."

Kure bai ɓata lokaci a ƙofar siton ba, don ƙafafun 'yan kallo sun tattake komai. Ya bi gefen bango, ya shiga lungun da ke gangarawa kogi. An yi ruwa ranar Lahadi, ba a sake yi ba, laka ta riƙe duk abin da aka taka mata ranar Litinin. Ya tsuguna ya daɗe.

"Baro uku," ya ce wa Baffa. "Sun yi sawu ya fi goma. Mai zuwa ɓarna jarka kawai yake ɗaukowa. Me baro ke yi a nan?"

"Ko man suka ɗauko da shi?"

"Duba yatsun mai turawa. Nan yana hawowa, ya kafe ƙafa, taya ta nutse. Nan yana gangarawa, yana ja da baya, taya ta nutse. Da nauyi suka zo, da nauyi suka koma."

A bakin lungun ya sami wurin da wani ya tsaya ya daɗe, takalmin roba ne da sawunsa ya dagule, ga ƙananan ramuka a gefensa na hagu. Ya tsinko tsinke ya auna zurfin ɗaya da faɗinsa, ya karya tsinken daidai, ya sa a aljihu. Sawun barorin kuwa ya ɓace a kan dakalin siminti da ke bakin ruwa.

Ya nemi a buɗe masa siton, aka ce makulli na hannun 'yan sanda.

*

Da la'asar ya sami Joanna a gida, ga kwanon abinci a gabanta ba ta taɓa ba.

"Maman Micheal, wa ke neman cittar nan bai samu ba?"

"Baba, Muntaka ne. Me kuma kake nema?"

"Tambaya na yi."

Ta yi tsaki, amma ta ba shi labari. Shekara uku ke nan ɗanta Micheal ya buɗe mata shafi a wata kasuwar intanet, inda masu saye daga ƙasashen waje ke ganin hoton kaya su taya. Yawancinsu ciniki suke yi irin na kowa. Su taya, a ce albarka, su ƙara, a daidaita. Amma akwai wani da 'yan layin suka raɗa wa suna Mai Rabin Kuɗi. Komai ka faɗa, rabinsa zai taya. Sai ya ce launin cittar bai yi ba, ya ce ya ga fumfuna a hoto, ya ce a wata ƙasa ta fi araha, ya ce in ba a sallama yau ba gobe tayinsa zai ragu.

"Mako uku yana bina a kan buhu sittin ɗin nan. Duk ranar da ya kushe min kaya sai in ce wa Micheal ya ƙara dala ɗaya a kan farashi ya aika masa. Matan nan da hannu suke tsaga cittar nan, Baba, har fatar yatsunsu ta saɓule. Ba zan bayar da ita kamar shara ba."

"An taɓa sallama masa a layin?"

"Sau ɗaya, bara. Ƙungiya ta tsayar da farashin da ba za a sauka ƙasa da shi ba, Edith ta bi ta bayan fage ta sayar masa. Washegari duk masu saye suka dawo suna taya mu da farashinta. Na koya mata hankali." Ta faɗe shi ba tare da ko ɗar ba. "Na samo hoton cinikin, na karanta shi a taron zumuntar mata. Muka yi ta kai ƙarar shafinta har aka rufe shi. Ƙungiya ta hana direbobi ɗaukar mata kaya. Amma wannan ya wuce, mun shirya. Ita ce ma ta kawo min abincin nan."

"Ke kika ce kun shirya, ko ita?"

Joanna ta ture kwanon abincin gefe.

"Micheal fa?" in ji Kure.

Nan fuskarta ta canza. Ya zo daga Inugu ranar Asabar, sun yi faɗa. Ya ce damina ta kama, citta za ta soma laushi, gara a rage wa mutumin kaɗan a rabu da kaya. Ta ce in ya sake faɗin haka ya bar mata gida. Ya tafi ranar Lahadi, kuma tun safe take kiransa bai ɗauka ba.

*

A ofishin 'yan sanda an bar Kure ya ga Muntaka na minti biyar. Alhajin na zaune a kan benci a bayan kanta, babu hula, babu takalmi.

"Jarkokina sun fi ashirin a gareji a Upper Iweka," ya ce. "Kowa aro yake yi, ba mai mayarwa. Kuma in ni ne, Baba, sai in bar sunana a wurin? Jikokina suna tsaye aka tura ni cikin mota."

"Ina sandarka?"

Wani ɗan sanda ya miƙo ta. Kure ya juya ta ya dubi gindin. An sa mata baƙar roba mai faɗin murfin kwalba. Ya fito da tsinkensa ya gwada. Ramukan lungu ba su fi kaurin ƙusa ba.

"Ba kai ka tsaya a lungun ba, Alhaji."

"Joanna za ka gaya wa. Kuma ka ƙara mata da cewa in na fita, wallahi ko buhu ɗaya nata ba zai sake hawa motar ɗan Arewa ba."

*

Da sassafen Laraba Kure ya hau mota a Upper Iweka zuwa Inugu. Ya sami Micheal a Uwani, a shagon buga takardu da yake wa aiki kusa da kasuwar Kenyatta. Mutum ne ɗan shekara talatin, mai jiki, amma da ya ga tsohon sai ya sunkuyar da kai.

"A kasuwa an fara cewa kai ne," in ji Kure. "Wai ka ɓata kayan don ka huce haushin uwarka. Me ya hana ka ɗaukar waya?"

"Baba, kunya nake ji. Mama ta ce in daina kula mutumin, ni kuma na ci gaba da yi masa magana a ɓoye, ko zan ja shi ya ƙara. Ya ce yana son ya tabbatar kayan na nan, in ɗauko masa bidiyo. Na ɗauka. Buhunan, da tambarin J.K. da ke jikinsu, da ƙofar siton, har lungun."

"Sai me?"

Micheal ya buɗe wayarsa ya fassara masa saƙon ƙarshe, wanda ya shigo tun ranar Alhamis ɗin makon jiya, kwana huɗu kafin ɓarnar. Mai Rabin Kuɗi ya rubuta cewa ba sai sun wahalar da kansu ba, ya sami buhu hamsin na irin cittarsu sak, a kan farashinsa, za a loda masa daga Fatakwal.

"Na ɗauka barazana ce irin tasa. Da na ji abin da ya faru, sai na ga kamar bidiyon nan ne ya jawo."

Kure ya dubi motocin da ke wucewa, ya tuna sawun barorin lungun. Da nauyi suka zo, da nauyi suka koma.

"Wa ke da buhu hamsin na cittar Kachia a Fatakwal a wannan watan?"

"Babu. Ko a Anacha Mama kaɗai ta rage da kaya."

"Ɗauko jakarka."

*

Baffa ya yi ta kai da kawowa har 'yan sanda suka yarda suka buɗe siton da yammacin ranar. Joanna na tsaye, Micheal na bayanta, ba ta ko dube shi ba. Kure ya ɗaure hanci da ƙyalle, ya tsallake buhuna goma na gaba da aka farke, ya sa aka sauko masa da ɗaya daga can baya. Farin buhu ne, da jan tambarin J.K., an ɗinke bakinsa tsaf. Ya yanke ɗinkin.

Busasshen rogo ne ya zubo, gutsattsari, haɗe da ɓawon citta da sharar kasuwa. Na biyu ma haka. Na bakwai ma haka.

"Ba a ɓata miki kaya ba, Maman Micheal, sai buhu goma. Sauran hamsin ɗin ɗauke su aka yi, aka ajiye waɗannan. Kayan da aka sace nemansu ake yi. Wanda mai ya ɓata kuwa, kwashewa ake yi a kai bola, ba mai buɗewa."

Ya zazzage buhu ɗaya, ya juya cikinsa waje, ya bi kusurwar ɗinkin da farce. Ya tara abin da ya fito a tafin hannu, ya kai bakin ƙofa inda haske yake. Ƙananan ƙafafu ne ja-ja, da kawuna masu gashin baki, sun bushe ƙamas. Ya juya buhu na biyu, ya sake samun irinsu.

"Buhunanki sababbi ne?"

"Sababbi nake saya kullum," in ji Joanna. Idonta na kan tafin hannunsa.

"Waɗannan sun taɓa ɗaukar kirefish."

Joanna ta ɗago kai. Ta dubi Kure ta ce, "Masu kirefish sun fi talatin a Head Bridge."

"Haka ne. Kada kowa ya faɗi abin da ya gani a nan sai na dawo."

*

Ranar Litinin mota ba ta motsi a Anacha, amma a Asaba, ƙetaren kogi, kasuwa ci take yi. A wannan yammacin na Laraba, kafin duhu ya yi, Kure ya bi masu kwale-kwale ɗaya bayan ɗaya a bakin ruwa, yana duba ƙasan jiragensu. A na huɗu ya ga garin citta maƙale a tsakanin katako. Mai jirgin ya fara da, "Baba, I no see anything," wato bai ga komai ba, amma da aka nuna masa ba shi ake nema ba, ya ce mace ce ta ɗauke su haya. Ta ce kayanta ne take kwashewa. Sun kawo lodi daga Asaba, sun koma da wani, wata mota ta ɗauka ta nufi Fatakwal.

Baffa ya buga wa surukinsa Yahya, wanda ke kasuwanci a unguwar Hausawa ta Fatakwal. Ranar Alhamis da hantsi Yahya ya tari Kure da Micheal a tasha, ya kai su wajen 'yan dako, su kuma suka nuna wani sito da ake tara kayan da ke jiran kwantena. Ƙamshin citta ya tarbe su tun daga ƙofa. Buhu hamsin ne cif, kowanne an shafe gefensa da baƙin fenti. Kure ya kankare ɗaya da farce, jan harafi ya leƙo.

Mai siton ya ce ranar Asabar za a loda. Ya nuna musu takardar ajiya. Sunan da ke kai Diana ne.

Micheal ya sake duba sunan. "'Yar Anti Edith ce. A banki take aiki. Tare muka yi firamare."

*

Ranar Juma'a da safe Baffa ya tara mutane a ofishin ƙungiya. An sako Muntaka, yana zaune a gefe da sandarsa, direbobinsa na tsaye a bayansa. Joanna da Micheal na ɗaya gefen. An gayyato mai gadin layin, da dattawan coci biyu, da limamin masallacin kasuwa, da masu kirefish huɗu da suka taɓa hulɗa da siton, har da Edith. Mutane sun cika tagogi.

Kure ya yi magana a tsaye, ba ya ɗaga murya. Ya faɗi yadda baro ya zo da nauyi ya koma da nauyi. Ya zazzage rogo a kan tebur. Ya ɗora tsinkensa kusa da gindin sandar Muntaka kowa ya gani. Ya ce Micheal ya yi wauta, amma ranar Litinin yana Inugu. Sannan ya kwance wani ƙullin takarda, ya baje ƙafafun kirefish.

"Wanda ya yi aikin nan yana da tsofaffin buhunan kirefish har hamsin. Ya san Mai Rabin Kuɗi, har mutumin ya yarda ya tura masa bidiyon siton. Kuma ya tsaya a bakin lungu yana lura da 'yan baro, yana dogara da wani abu mai tsinin ƙarfe a hannun hagu, don gwiwarsa ba ta son tsayuwa." Ya juya. "Maman Diana, ara min lemarki."

Edith ba ta miƙa ba. Ta ɗora lemar a kan cinyarta, ta riƙe da hannu biyu.

"Kayan na Fatakwal," in ji Kure. "Mun gan su. Da sunan 'yarki a takarda."

"Diana ba ta san komai ba," Edith ta ce da sauri. "Katin shaidarta na ɗauka na buɗe sabon shafi, tunda nawa an kashe shi." Ta juya ta fuskanci Joanna, babu alamar kunya a fuskarta. "Ni ce, Yaya. Kuma da Baba Kure bai shigo ba, da yanzu kina bola kina kallon ana ƙona rogo."

Ɗakin ya ɗauki hayaniya, Baffa ya buga tebur.

"Bara kayana fumfuna suka fara," Edith ta ci gaba. "Na zo gidanki na gaya miki, na ce ki taimaka ki haɗa da naki a sayar. Kika ce kowa ya ji da nasa. Mutumin nan kaɗai ya taya, na sallama don kada in tashi a tutar babu. Shekara huɗu ina tara yabon masu saye a shafin nan, ɗaya bayan ɗaya, kika sa aka share shi a kwana uku. Kika karanta sunana a coci, Diana na zaune. Shi kuma Alhaji, na durƙusa masa a gareji, ya ce dokar ƙungiya ce, ya sa aka sauke min kaya daga mota a cikin ruwa. Na so ki ga cittarki ta tafi a rabin kuɗi, wajen mutumin da kika fi tsana, shi kuma ya ɗanɗana yadda ake ji in jama'a na kallon mutum."

Ɗaya daga dattawan cocin ya gyara murya, ya ce tunda kaya sun fito, a kashe maganar a cikin gida. Edith ta biya buhu goma, ta nemi gafarar Alhaji, a rufe. Limamin ya goyi bayansa. Baffa ya dubi Joanna.

"Ta zauna a ɗakina ranar Talata," in ji Joanna. "Ta kawo min tuwo, ta riƙe hannuna ta yi min addu'a. A'a, ranka ya daɗe. Hukuma za ta je. Da ita da mai sunan da ke kan takarda."

"Mama, Diana ba ta—" Micheal ya fara.

"Rufe min baki."

Sai a lokacin Edith ta zame daga kujera ta durƙusa. "Ni ki ɗaure, Yaya. In sunanta ya shiga takardar 'yan sanda, banki za su kore ta. Ita kaɗai gare ni."

"Da kin tuna da haka kafin ki ɗauki katinta."

Kure ya matso kusa da ita, ya yi ƙasa da murya. "Maman Micheal, an ce in nemo kaya, na nemo. Yarinyar nan ba ta taka lungun ba. Ki tsaya a nan."

"Na gode, Baba. Aikinka ya ƙare."

Muntaka ya dogara sandarsa ya miƙe. Ya jira ko Joanna za ta ce masa wani abu. Da ta ɗauke kai, ya ce wa Baffa, "Alhaji, a gaya mata ta nemo motar da za ta ɗauko mata kaya daga Fatakwal. Tawa dai a'a, ta duk wanda ke gaishe ni ma a'a." Ya fita, direbobinsa suka bi shi.

An sauko daga Juma'a lafiya, ba wanda ya ɗaga wa wani hannu.

*

Cittar ta ƙara kwana goma sha biyu a Fatakwal kafin Joanna ta sami motar wani Inyamuri a kan kuɗi mai tsada, kuma buhu shida sun yi laushi. Sauran ta sayar wa wani mai saye a kan farashinta, ba ta rage ko sisi ba. Micheal ya tura wa masu kasuwar intanet ɗin takardun 'yan sanda, aka rufe shafin Mai Rabin Kuɗi. Bayan mako uku wani sabon suna ya ɓullo yana taya 'yan layin da rabin kuɗi, yana cewa ya ga fumfuna a hoto.

An yanke wa Edith shekara biyu. An sallami Diana bayan kwana huɗu don ba a same ta da laifi ba, amma bankin bai mayar da ita ba. Micheal ya miƙa wa uwarsa lambobin sirrin shafin, ya koma Inugu, ya daina zuwa ƙarshen mako.

Wata Talata da safe, bayan wata biyu, Kure ya tare Joanna tana buɗe sabon kwaɗon sitonta. Ya kai ta ƙetaren hanya, gindin wata rumfa da ke kallon ƙofarta, ya nuna mata ƙasa.

"Takalmin mace ne, irin na masu aikin ofis, dunduniyar dama ta fara cinyewa. Litinin uku ke nan a jere ina samunsa. Ba ta taɓa komai. Tsayawa take yi, ta daɗe, tana kallon ƙofarki. Makon farko a nan ta tsaya. Makon jiya a tsakiyar hanya. Jiya ta kai bakin dakalinki."

Joanna ta bi sawun da ido, daga rumfar har ƙofarta.

"Diana ce, kuma na san gidan da take," in ji Kure. "In kin yarda, mu je tare. Ba sai kin ce komai da yawa ba."

Ta juya makullin a hannunta, ta dubi tsohon.

"Bar ta ta ƙaraso, Baba," ta ce. "Litinin mai zuwa a ciki za ta same ni."